Takardar giya a hannun wanda ba ya sha

A watan Yuli na shekarar 2017 na yi mako huɗu a birnin Bezanson da ke gabashin Faransa, inda muka je ƙaro sani tare da malaman Faransanci na ƙasashe daban-daban. Ana gobe zan dawo gida, na gayyaci wata dattijuwar malama cin abincin dare. Ita ta yi ta ɗawainiya da ni tun saukata, kasancewar ta taɓa koyarwa a Damagaram tun ina ɗan lakwal, kuma har ranar da muka rabu da “Malam” take kirana. Mutumin kirki ba ya cin gishirin wani ya tafi bai ce uffan ba. Yuro 70 suka rage mini a aljihu, wato kusan jika 46, na kuwa ƙudurta cewa a kanta za su ƙare.

Gidan abincin da na zaɓa yana bakin kogin Du, mai kewaye tsohon garin. Muna zama, ma'aikacin ya miƙo mini wani littafi mai bangon fata, ya fi rajistar kiran sunan ƴan ajina kauri. Na buɗe ina neman kaza ko kifi, sai na tarar babu abinci ko ɗaya a ciki. Wannan shi ne abin da suke kira “carte des vins”, jerin giyar inabin da gidan yake sayarwa, kuma al'adarsu ce a ba wanda ya yi gayyata. Layin farko da idona ya faɗa kansa yuro 900 ne, fiye da albashina na wata biyu. Nan take kunya biyu suka rufe ni. Ni Musulmi ne, ba na sha, ba na kuma saya wa wani. Ga shi ko da zan saya, aljihuna bai kai ba.

Dattijuwar ta lura da halin da na shiga. Ta ce: “Malam, abincin naka ne, na karɓa da godiya. Abin shana ni zan biya, a takarda daban. Amma kada ka rufe littafin. Kai da kake koya wa yara fashin baƙin rubutu, karanta ka gaya mini ko marubucin nan mai gaskiya ne.”

Abu na farko da ta sa na duba shi ne cikar suna. Kowane layi ya kamata ya faɗi yankin da aka noma inabin, da sunan mai gonar, da shekarar girbi, da girman butalin, sannan kuɗinsa. Tun shekarar 1935 Faransa ta kafa dokar kare sunayen yankuna, wadda ake taƙaitawa da AOC, kuma garin Arbuwa, mai nisan kimanin kilomita 50 daga inda muke zaune, yana cikin na farko da suka samu wannan shaida a 1936. Wannan bai yi mini wuyar fahimta ba, domin duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Maraɗi ya san cewa ba kowace jar albasa ce ta Galmi ba, ko da mai tallar ya rantse. Shekara ma tana da nata nauyi, yadda geron damina mai albarka ya bambanta da na shekarar fari. A watan Afrilun 2017 ɗin nan sanyi ya ƙone gonakin inabi masu yawa a Faransa, har da na yankin Jura. Da na bi littafin da yatsa, sai na ga masu tsada an rubuta musu suna da asali tamkar ƴaƴan sarauta. Masu araha kuwa sunan yanki kawai aka ba su, babu mai gona, babu shekara. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya yi cinikin biri a sama.

Na biyu shi ne lissafin riba. Butali na yau da kullum santilita 75 yake ɗauka, ana kuma fitar da kofi shida daga cikinsa. Gidajen abinci sukan ninka kuɗin da suka saro sau uku, wani lokaci har huɗu. Ba wanda ya hana ɗan kasuwa riba, tun da shi ke biyan haya da haraji da ma'aikata, shi ke ajiye hajar shekaru a ɗaki mai sanyi kafin mai saye ya zo. Abin dubawa shi ne a wuyan wa aka rataya nauyin. Ta nuna mini wata giyar Jura da take saye yuro 9 a kanti, ga ta an rubuta 42. A cewarta, gidan da ya fi matsa wa mai ƙaramin ƙarfi ya riga ya faɗi ra'ayinsa game da shi.

Na uku, manyan sunaye. Shafukan farko cike suke da giyar Bordo, waɗanda aka jera daraja-daraja tun 1855 bisa umarnin sarki Napoleyon na III, saboda baje kolin duniya da aka yi a Paris. Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion ne a matakin farko, sai a 1973 aka ƙara musu Mouton Rothschild. Duk mai kuɗi yana iya sayo waɗannan sunaye ya ƙawata littafinsa da su, ba sai ya san komai ba. Daga baya na karanta labarin da ya tabbatar mini da haka. A shekarar 2008 wani marubuci Ba'amurke, Robin Goldstein, ya ƙago gidan abinci na ƙarya a birnin Milan, ya sa masa suna Osteria L'Intrepido, ya tsara masa takardar giya, ya biya dalar Amurka 250 kuɗin shiga gasa. Mujallar Wine Spectator ta ba gidan lambar yabo, alhali babu shi a doron ƙasa, kuma a cikin jerin akwai giyar da ita kanta mujallar ta taɓa kushewa.

Na huɗu, ko takardar ta san ƙasar da take zaune a kai. Jura tana da abin alfaharinta, giya mai launin rawaya da ake barinta shekara shida da wata uku kafin a sayar, a cikin butali na musamman mai santilita 62, wai abin da ke saura daga lita guda ke nan bayan tsawon jira. Mutanen yankin suna haɗa ta da cukunsu na Kwante da kazar da aka dafa da naman kaza. Duk da kazar tana cikin abincin gidan, layi uku kacal aka ba Jura, can a shafin ƙarshe. Na tuna da masu karɓar baƙo a Tawa su rasa abin ba shi sai biskit na kanti, ga kilishi a ƙofar gida.

Gwaji na ƙarshe na mutum ne. Ta kira mai kula da giyar gidan, wanda suke ce wa “sommelier”, ta ce kofi guda take so, kada ya wuce yuro 8. Ya ɗan yatsine fuska, ya kai yatsa kan na 16. Ta tambaye shi abin da ya tanada wa baƙon da ba ya sha, ya ce akwai ruwa. Ta naɗe tsumman goge bakinta, ta ce: “Malam, tashi mu tafi.”

Muka haye gada zuwa unguwar Batan, tsohuwar unguwar manoman inabi, muka shiga wani ɗan gida mai tabur goma. Takardar giyarsu falle guda ce, layi 22, kowanne da cikakken sunansa, rabinsu na Jura ne. Mafi araha ma an faɗi mai gonarsa da shekararsa. A ƙasan shafin akwai ruwan tuffa da ruwan inabi marar sa maye, su ma an rubuta ƙauyen da suka fito da sunan wanda ya matse su. Wanda ya tsara wannan falle bai san ni ba, amma ya yi tunanin zuwana. Na sha ruwan tuffa, ta sha kofinta, na biya yuro 52 kaina a ɗage.

Mai karatu zai iya cewa, ina wanda bai taɓa ɗanɗana ba ya ga ta yanke hukunci? Hakika ban san daɗin ko ɗaya ba, ba na kuma neman sani. Sai dai masanan ma suna ya sha ruɗa su. A Paris a 1976, da aka ɓoye sunayen butalai aka ba manyan alƙalan Faransa su ɗanɗana, giyar Kaliforniya suka ɗora a kan gaba, ja da fara. Ɗanɗano na mai harshe ne. Abin da takarda take iya nunawa shi ne gaskiyar mai ita da irin kallon da yake yi wa mafi ƙarancin abokan cinikinsa, wannan kuwa duk mai karatu da lura zai iya aunawa.

Ƴan uwa malamai, duk farkon shekarar karatu nakan ga takardun tallar makarantu suna yawo a gari, ɗauke da sunayen yara uku ko huɗu da suka yi fice a jarrabawar bak. Tun dawowata, shafin ƙarshe nake fara nema, in tambayi abin da aka tanada wa yaron da ya zo ba ya iya haɗa jimla. Da na yi wa kaina wannan tambaya ban ji daɗin amsar ba, domin na gano cewa jan biro na ya fi daɗewa a kan kayen yara biyar na sahun gaba, sauran sittin kuwa maki kawai nake sa musu, babu bayani. Daga wannan shekarar na koma fara gyara daga ƙasan tarin.

Mai gidan abincin ya ba ni fallen nan da na roƙa. Yana nan a naɗe cikin ƙamus ɗina na Larousse. Uwargida ta taɓa cin karo da shi, ta dube ni ta ce: “Malam, lafiya?” Na ce mata lafiya lau, takardar darasi ce.