Grunge da Furfura

Kiɗan grunge ya tsiro ne a birnin Seattle na Amurka, ya kuma game duniya a 1991, sa'ad da ƙungiyar Nirvana ta fitar da kundin Nevermind. Jita mai tsawa da murya mai cike da fushi, su ne abin da samartakata ke ƙishirwa. Na yi ta juya kaset har zarensa ya tsinke.

Jagoransu, Kurt Cobain, ya rasu a 1994 yana ɗan shekara 27. Da kallon babban yaya nake yi masa. Yau kuwa na isa in haife shi. Muryarsa ba ta tsufa ba, ni furfura ta cim mini. Fushin waƙoƙin ya huce a kunnena, kewa ta maye gurbinsa.