Dyersville, Garin Ƙananan Taraktoci

A jihar Iowa ta Amurka na ziyarci Dyersville, ƙaramin gari mai gidan tarihin kayan wasan gona, wanda aka buɗe a 1986. Dubban ƙananan taraktoci ne jere cikin gilashi, wasu kashi ɗaya cikin 16 na girman na ainihi. Fred Ertl ne ya assasa sana'ar a yankin, ya fara ƙera su a gidansa a 1945.

Nan na ga dattijo yana nuna wa jikansa irin taraktar da mahaifinsa ya yi noma da ita. Sai na tuna motocin kara da muka ƙera muna yara. Wa ya adana ko ɗaya? Garmar kakanninmu fa, a ina jikokinmu za su gan ta?