Makaɗan da Suka Ƙi Watsewa

A watan Maris na 1964 labari ya iske makaɗan Philharmonia da ke Landan cewa Walter Legge ya dakatar da ƙungiyarsu. Bai shawarce su ba, don a ganinsa ƙungiyar tasa ce: shi ya kafa ta a 1945, shi ya raɗa mata suna.

Legge mai shirya ɗaukar kiɗa ne a kamfanin faifai na EMI. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sai ya bi gwanayen makaɗan Ingila ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su, musamman domin aikin faifai. Yana da hujja. A zauren kallo, idan mai goge ya yi kuskure, sautin ya wuce ke nan, amma a faifai za a ji kuskuren duk ranar da aka ɗora allura. Ya kawo Herbert von Karajan ya horar da su, har Maharajan Mysore na Indiya ya tallafa da kuɗi.

A Amurka kuwa, kamfanin Columbia bai ɗora wa kansa wannan nauyin ba. Abin da ake kira Columbia Symphony Orchestra suna ne a bangon faifai. Akan ɗauko makaɗa daga wasu ƙungiyoyi, a New York ko a Los Angeles, su yi wa Bruno Walter ko Igor Stravinsky aiki, a biya su, kowa ya kama gabansa.

Da alama irin wannan kallon Legge ya yi wa mutanensa, kuma a nan ya yi kuskure. Waɗanda suka shafe kusan shekara ashirin suna zama kafaɗa da kafaɗa, kowa ya san numfashin na kusa da shi, sun wuce 'yan ƙodago. Suka ƙi watsewa, suka karɓi ragamar ƙungiyar da kansu, suka sa mata suna New Philharmonia. Jagoran kiɗansu Otto Klemperer, dattijo mai shekara kusan tamanin, ya zaɓi zama tare da su, kuma kafin shekarar ta ƙare suka koma dandali da shi. Tsohon sunan bai dawo hannunsu ba sai a 1977, shekara huɗu bayan rasuwar Klemperer.