Waƙafin Maraɗi

A watan Fabrairu na 2023 na je hutu gida Birnin Gwari, na tarar da gari ba kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira, tsofaffin takardu sun shige, sababbin kuwa sai labari. Kawuna, wanda shi ke biya mini kuɗin makaranta, yana fataucin aya daga Maraɗi, ga shi wani Alhaji can yana bin sa sauran kuɗin kaya, wa'adi kuma ya cika. Ko da a ce tsabar kuɗin na hannu, wa zai rungume su ya bi hanyar Funtuwa a wannan lokaci, alhali 'yan bindiga sun cika dajin tun daga Kamuku? Kawu dai ya fi tsoron a ce ya saɓa alkawari.

Ni kuwa, da ɗan ƙwambon karatu, na ce a biya da Bitcoin, tun da ɗan Alhajin yana harkar. Tun 2021 an hana bankuna taɓa irin wannan kuɗi, ba a ɗage ba sai Disamba 2023, saboda haka hannun wani abokina muka saya.

To, bari in ɗan yi wa mai karatu bayani. Wanda za a biya shi ke aiko da wani layi guda na rubutu, mai ɗauke da lambar asusunsa da adadin da yake nema. In ka taɓa layin, sai lalitar da ke cikin wayarka ta karanta, ta cike kome da kanta. Akwai ƙa'idar rubuta layin, wadda aka tsara a 2012, ana ce da ita BIP 21. A cikinta an ce lalle ɗigo ne zai raba cikakken adadi da gutsurensa, ban da waƙafi. Yaron Maraɗi kuwa karatun Faransanci ya yi, a can waƙafi ake sawa inda mu muke sa ɗigo. Sai ya rubuta layinsa da hannu, ya sa 0,025.

Na taɓa, lalitata ta ce layin ba shi da kyau. Ba ta faɗi dalili ba. Na sake har sau huɗu, Kawu na zaune kan buhu yana kallona. Abokina ya gwada da tasa, ita kuwa ta karɓa ba musu, amma ta jefar da adadin gaba ɗaya, ta bar gurbin fili wai ka cike da kanka. Nan muka kaure da gardama. Shi ya ce tasa ta fi sanin zaman duniya, har ya kawo shawarar wani masani Ba'amurke, Jon Postel, wanda tun 1980 ya ga ya kamata na'ura ta tsananta wa abin da take aikawa, ta sassauta wa abin da ake kawo mata. Na ce wannan a wasiƙa ne. Kuɗin nan in ya tafi ba alƙalin da zai dawo da shi. Yau 0,025 ne, ido ma ya gane. Ran da aka rubuto 1,250 fa? A Kaduna dubu da ɗari biyu da hamsin ke nan, a Maraɗi ɗaya da kwata.

Da Kawu ya gane inda matsalar take, sai ya yi dariya, ya ce, "Ku yara, ai wannan rigimar jaka ce." Watau a nan jaka fam ɗari ce, da naira ta zo a 1973 fam ya zama naira biyu, jaka ta zama naira ɗari biyu. Ƙetare Jibiya kaɗan, jaka sefa dubu ce. Hausa ɗaya, kalma ɗaya. Ya ce shekara da shekaru in an ce masa jaka goma a kan iyaka, bai taɓa tashi ya bar cinikin ba, bai kuma taɓa ƙirga kuɗi bisa zato ba. Tambaya yake yi: jakar wa?

Na so in ce ai tawa ce mai gaskiya, kuma har yanzu in za a tilasta mini zaɓe ita zan ɗauka, gama ba ta yi caca da kuɗin Kawu ba. Amma ta tuna mini da irin akawun da kan rufe taga a fuskarka bai gaya maka wace takarda ta rage ba. Da ta ce ta ga waƙafi inda ɗigo ya kamata, da ba mu ɓata rabin yini ba.

Bayan la'asar sabis ya kama, na buga wa yaron, ya mai da waƙafinsa ɗigo, lalita ta karɓa. Kafin in danna, Kawu ya riƙe mini hannu, ya ce a ba shi Alhaji. Sai da suka gaisa, suka tambayi iyali, sa'an nan suka maimaita wa juna adadin da baki, a sefa, sau biyu.