Ni da Uwata da Harafin P

Malam mai kula da wannan mujalla ya daɗe yana bina bashin rubutu, ni kuma ina ta kewaye-kewaye, har wani abu ya faru a gidana wanda na ga ya kamata in ba ku labarinsa.

Ina da 'ya 'yar aji huɗu a firamare, da safe tana boko, da yamma tana nan Islamiyya. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Wata ranar Talata ta dawo gida ta ƙi cin abinci, ta shige ɗaki. Da na matsa mata sai ta ce an tashe ta karatu a aji, da ta zo kan kalmar people ta ce "fiful", aji ya kwashe da dariya, har wani yaro ya laƙa mata sunan. Ta ce, "Baba, ni na daina ɗaga hannu." Kuma ta daina ɗin, don bayan mako biyu malamarsu ta aiko tana tambaya ko lafiya.

Abin ya fama mini tsohon gyambo. Ina sabon ma'aikaci na taɓa ce wa wani abokin aiki ya ja ƙofa, maimakon pull na ce full, ya tsaya yana kallona yana tambayar me ya cika. Na fi shekara ina gudun magana a taro saboda wannan. Ban so Uwata ta gaji wannan shiru ba.

Laifin ba na yarinyar ba ne. Mu Hausawa f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yinsa, kuma bai da mazauni ɗaya. Bakano ya ce "tafi", Basakkwace ya ce "tahi", wani ma ka ji kamar "tapi" ya ce, duk ma'ana ɗaya. Shi ya sa da kalmomin Turawa suka shigo mana muka mayar da p ɗinsu f, muka samu fensir da famfo da fasinja da fenti, har da firamaren da take zuwa. A Turanci kuwa p daban, f daban, kuma sauya ɗaya da ɗaya yana sauya magana: pan kasko ne, fan fanka ce.

Da daddare na zaunar da ita na ce, "Uwata, daga ina ف take fita?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Daga cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran sama." Na ce to f ta Turanci ke nan, babu ragi babu ƙari. Ta zaro ido. Ashe shekara biyu tana furta sautin daidai a gaban malamin tajwidi, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa shi ne dai take nema a ajin safe. Muka ɗauko madubin mahaifiyarta. In ta ce fan sai ta ga haƙoranta a kan leɓe, in za ta ce pan dole leɓɓa su rufe ruf kamar za a ce b, sannan iska ta fashe. Na yago takarda daga littafi na riƙe mata a gaban baki. Ta ce ban, takarda ba ta motsa ba. Ta ce pan, takarda ta yi tsalle. Ranar sai da aka kore mu daga tsakar gida don dare ya yi.

Washegari muka kama v, wadda muka mayar b a direba da talabijin. Ita f ce da aka sa wa murya. Ka dafa maƙogwaronka ka ja "sss" sannan ka ja "zzz", za ka ji rawa a na biyun. Rawar nan ce ta raba fan da van.

Inda na fi jin daɗi shi ne th. Yawancinmu think mukan ce "sink", this kuma "zis". Alhali ɗan Islamiyya ya riga kowa mallakar waɗannan sautuka biyu. Na think da three shi ne ث, na this da mother shi ne ذ, kan harshe a bakin haƙoran sama. Sai dai a kula, a rubutunmu na ajami ث muke sa wa c, kamar a "ci" da "ciki", don haka ta Larabci nake nufi.

Wasula ne suka ba mu wuya, kuma har yau suna ba ni. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa a lafazin Ingila kusan 44 ne, baƙaƙe 24, wasula 20. Wasula ashirin, jama'a, ana rubuta su da haruffa biyar! Mu namu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye "ai" da "au". Tsawon wasali bai zame mana baƙo ba, tun da mun san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ajami ma yana nuna shi a rubuce inda boko ya yi shiru. Saboda haka ship da sheep ba su wahalar da Uwata ba. Amma cat da cut da cart duk "a" kunnenmu ke ji, su kuwa wasali uku ne. Harafin a kaɗai yana da sauti daban a cat, da car, da call, da cake, da farkon about. Wannan na about ɗin, wani ɗan raunannen wasali ne da ake yi baki a sake, kuma ya fi kowane wasali yawa a maganarsu.

Uwata ta tambaye ni me ya sa ba sa rubutawa yadda suke faɗa. Amsar tana tarihi. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a daidai zamanin da dogayen wasulansu ke ta sauyawa a bakin mutane. Rubutu ya daskare a takarda, baki ya ci gaba da tafiyarsa. Harafin k da ke knife da knee, a da furta shi suke yi. Don haka na ce mata kada ta yarda da idonta kaɗai, ta riƙa kasa kunne.

Akwai kuma cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai harshenmu ya cusa wasali a tsakani, muka samu burodi da birki da sukudireba. Waɗannan sun zama namu, ba wanda zai ce kuskure ne. Amma in Turanci kake yi, street baƙi uku ne a jere kafin wasali ya zo.

Ni dai ban ce sai yaro ya yi magana kamar ɗan Landan ba. Ba'amurke ma yana furta r ɗin car, mutumin Landan ya haɗiye ta, ba wanda ya kai wani ƙara. Kuma a kawo mini Baturen da zai raba "ƙasa" da "kasa" a rana ɗaya. Abin da nake so a ji abin da ta ce, kada dariyar aji ta rufe mata baki.

Ranar Alhamis da ta wuce ta dawo da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba, ta ce ta ɗaga hannu, an ba ta sakin layi guda ta karanta har da people a ciki. Na ce mata, "Beri gud." Ta dube ni ta girgiza kai, ta kamo hannuna ta ɗora a maƙogwarona ta ce, "Baba, haƙori a kan leɓe. Sake faɗa."