Maganar canza wa kwamfutar ofishinmu furosesa

Tun bayan taronmu na ƙarshe ake ta tambayata me ya hana a saya wa kwamfutar ofis wani furosesa kamar yadda aka kawo shawara. Na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani, tunda kuɗin da za a kashe gudunmawarku ce.

Kwamfutar tamu Dell OptiPlex 7010 ce, ƙirar 2012, gwanjo muka saye ta daga Kano. A cikinta rajistar mambobi take, da lissafin kuɗin wata, da sunayen marayu da zawarawan da muke tallafa wa a Dogo Nini, da kwafin duk wasiƙar da muka taɓa aikawa. Yanzu ta yi nauyi. In na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba.

Wani ƙanenmu da ya yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Potiskum shi ne ya kawo shawarar. Ya ce mini, "Yaya Sakatare, ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Core i3-3220 ne a ciki, a cire a sa i5-3470." Maganarsa tana da tushe. Furosesa shi ne ke yin lissafin komai a kwamfuta, kuma waɗannan biyun mazauninsu ɗaya, wanda ake kira LGA1155, don haka zai zauna daram ba sai an taɓa babban allon ciki ba. Namu sassan aiki biyu gare shi, wancan huɗu.

To amma kafin a taɓa asusu sai na ce mu duba ciwon tukuna. Muka buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna wane ɓangare ne ke shan wahala, muka buɗe Word da Excel kamar yadda nake yi kullum. Furosesan ko rabin ƙarfinsa bai kai ba. Faifan ajiya kuwa yana maƙale a ɗari bisa ɗari, RAM ɗin mai gigabait 4 ya kusa cika. Ashe furosesan zaman jira yake yi. Kamar ka samu ƙwararren tela ne, amma yaron da ke miƙo masa yadi tsoho ne mai dogara sanda. In ka kawo telan da ya fi shi sauri, shi ma jiran zai yi. Faifan namu irin na dā ne mai juyawa da allura, wanda da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, alhali SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yakan kai wajen 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Sai maganar zafi, wadda masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa sawa a lissafi. An ƙera i3-3220 a kan wat 55, shi kuwa i5-3470 wat 77 ne in yana aiki tuƙuru. Wanda ya san Potiskum a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi, ga ofishinmu rufin kwano. Da muka buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar an liƙa auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ƙamas. Furosesa in ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ga kuma batirin solarmu, wanda dama lallaɓa shi muke yi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zuriya ta takwas ta furosesan Intel yake farawa. Tamu zuriya ta uku ce. Ko i7-3770 muka sa mata, yana nan a zuriya ta ukun. Wato ko mun kashe kuɗin, ranar da za mu nemi wata kwamfutar ba ta matsa ko da kwana ɗaya ba. SSD kuwa in ranar ta zo sai mu cire abinmu mu sa a sabuwar.

Ba na cewa canjin ba shi da amfani ga kowa. Matasanmu masu shagunan buga katin biki da haɗa bidiyo, wanda Celeron ko Pentium ne a tasa, in ya samu i5 na gwanjo da araha zai ga bambanci a ranar. Aikinsu na cin furosesa. Namu wasiƙa ce da jadawali.

Abin da zan gabatar wa kwamiti ranar taro shi ne a sayi SSD mai gigabait 256, a ƙara RAM irin DDR3 ya zama 8, a share ƙura a sa sabon mai. Tsohon faifan kuma ya fara ƙara irin ta ƙas-ƙas, don haka tuni na kwashe rajista da lissafi a filash biyu, ɗaya yana hannun Ma'aji, ɗaya wajen Alhaji Shugaba. Ƙanen namu ya ce shi zai yi aikin sawar kyauta, Allah ya saka masa da alheri. Mai wata shawara ya zo da ita taron, bayan la'asar.