Kwana Goma Ba Mu Ce Uffan Ba

Ɗan'uwa mai karatu, mun daɗe muna jinkirin kawo wannan labari a shafukan mujallarmu, domin kuwa abu ne da ba kowa zai saurare shi da kunnen basira ba. Mutum Musulmi, malamin makarantar sakandare, a ce ya yi kwana goma cur a zaune tsakanin mabiya addinin Buddha bai ce uffan ba, ai dole a yi masa kallon wanda ya saki hanya. To amma tun da wasu 'yan ƙungiya sun matsa mana lamba a wajen taronmu na wata-wata, mun ga ya dace mu faɗi abin da idonmu ya gani, mu bar wa mai karatu hukunci.

A watan Nuwamba na shekarar 2018 ne muka raka yayanmu birnin Delhi na ƙasar Indiya neman maganin ciwon ƙoda. Shi ya riƙe mu tun bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mana kuɗin makaranta har muka sami diflomar koyarwar da muke cin abinci da ita a yau. Sai dai kash, da likitoci suka ce sai an fita da shi waje, aka kawo shawarar sayar da gonar gado, mu ne muka yi ta jan ƙafa har wata biyar, muna cewa a jira ko taimako zai ɓullo daga wani wuri. Ko da aka sayar aka tafi, ciwo ya riga ya ci jiki. Wata rana da daddare a asibitin, muna waya da gida muna ƙorafin yadda kuɗi ke zurarewa, ashe ba barci yake yi ba. Muna kashe wayar sai ya ce, "Auta, na wahalar da kai, ka yafe mini." Wallahi mun ji shi sarai, amma muka sunkuyar da kai muna danne-dannen waya kamar ba da mu ake ba. Bayan kwana uku Allah ya yi masa cikawa. A can aka yi masa sutura, don kuɗin kawo gawa gida ya fi ƙarfinmu.

Saura mako uku ranar komawar da ke jikin tikitinmu, sauya ta kuwa sai da kuɗi. Barci ya ƙaurace wa idanunmu. Salla muna yin ta, amma sau da yawa sai mun sallame mu rasa raka'a nawa muka kawo. Ana cikin haka ne wani dattijo mutumin jihar Bihar, wanda muka yi zaman jinya tare, ya ba mu labarin wani gida a garin Bodh Gaya inda ake zaman shiru na kwana goma, ba a karɓar komai sai abin da mutum ya ga dama ya bayar a ƙarshe. Gaskiya ɗaya ce, ba neman nutsuwa ne ya fara jan mu ba. Jin cewa akwai abinci da makwanci kyauta shi ya sa muka hau jirgin ƙasa, muka kwana muna tafiya har garin Gaya, daga nan a-daidaita-sahu ta ƙarasa da mu.

Ga wanda bai sani ba, Bodh Gaya shi ne wuri mafi daraja a wajen mabiya Buddha. Shi dai Siddhartha Gautama ɗan sarki ne, an haife shi a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Yana ɗan shekara 29 ya bar gida da sarauta domin neman sanin abin da ke kawo wahala a rayuwar ɗan'adam, ya yi shekara shida yana gana wa kansa azabar yunwa, daga baya ya bar wannan hanya ya zauna a gindin wata bishiya dangin cediya a wannan gari. A nan ne mabiyansa suka yi imani ya farka, wanda shi ne ma'anar kalmar Buddha. An gina babban wurin ibadar Mahabodhi a jikin wurin, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Kafin mu rubuta suna sai da muka fito fili muka gaya wa mai kula da gidan cewa mu Musulmi ne, ba za mu rusuna wa gunki ba, ba kuma za mu bar salloli biyar ba. Ya ce babu wanda ake tilasta wa rusunawa, salla kuma mu yi abarmu a ɗaki ba tare da ɗaga murya ba. Ya kamata mai karatu ya sani ba ko'ina ake samun wannan sassauci ba. Cibiyoyin da ke bin tsarin S. N. Goenka, wanda ya mutu a 2013, suna sharɗanta wa mahalarta su ajiye duk wata ibada tasu har a gama kwana goman. Da irin wannan muka tarar, da jirgin da ya kawo mu shi zai mayar da mu.

Aka karɓe waya, aka karɓe littafi, aka karɓe har biron da ba ya rabuwa da aljihunmu. Babu magana, babu nuni da hannu, babu ko haɗa ido. Maza daban, mata daban. Ƙarfe huɗu na asuba ake kaɗa ƙararrawa, cikin wani irin sanyi da hazo mai kama da hunturunmu. A yi awa ɗaya a zaune, a tashi a yi tafiya a hankali kamar hawainiya, a sake zama, haka har tara na dare. Abinci babu nama, kuma daga an ci na rana shi ke nan, sai ruwan shayi da yamma. Aikin kwana ukun farko ɗaya ne tak, wato mutum ya lura da numfashinsa yadda yake shiga yake fita ta hanci, wanda suke kira anapana a harshen Pali.

Da farko mun raina abin. Mu da muka san i'itikafi a goman ƙarshe ta azumi, muka kuma ji labarin halwar waliyyai, me zai gagare mu a kallon numfashi? Ashe akwai bambanci. Mai i'itikafi harshensa na cikin zikiri da karatu, a nan kuwa ba a bar wa mutum komai ya riƙe ba. Ba mu taɓa kai numfashi biyar a jere ba sai mu tsinci kanmu a ɗakin malamai muna gardamar albashi, ko a gona muna ciniki da dillali, ko muna tsara martanin da ya kamata mu mayar wa wani a faɗan da aka yi shekara bakwai baya. A nan muka gane cewa surutun da muka yi ta kuka da shi shekara ashirin, muna ɗora wa ɗalibai da janareta da masu talla, kaso mafi tsoka a cikin kanmu yake. Bakin ya yi shiru, kasuwar ciki kuwa tana ci ba dare ba rana.

Ranar huɗu aka ce mu riƙa bin jikinmu da hankali tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, duk abin da muka ji, zafi ne ko ƙaiƙayi ko daɗi, mu dube shi kawai, kada mu kore shi, kada mu riƙe shi. Gwiwarmu ta dama ta ɗauki zugi kamar ana soka mata tsinke. Muka daure muka zuba mata ido, sai muka lura ashe zugin ba abu ɗaya ba ne dunƙulalle. Yana tashi, yana sauka, yana matsawa gefe, wani lokaci ya ɓace ɗungurungum sannan ya dawo. Wannan shi suke kira anicca, wato babu abin da ke tabbata a hali ɗaya. Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, ko yaro ya san duniya rawar 'yan mata ce. Amma jin abu a karin magana daban, jin sa a ƙoƙon gwiwarka daban.

Kowane dare malamin gidan, wani tsoho mai mayafi ruwan goro, yakan yi ɗan jawabi da Ingilishi. A dare na bakwai ya kawo labarin Kisa Gotami, matar da ɗanta ya mutu ta ƙi yarda, ta saɓa gawar tana yawon neman magani. Da ta zo wajen Buddha sai ya ce ta samo masa ƙwayar mustad, wani ɗan iri mai kama da riɗi, amma daga gidan da ba a taɓa yin mutuwa ba. Ta bi gida gida, kowa na da ƙwayar, amma babu gidan da bai taɓa fitar da gawa ba. Daga nan ta haƙura ta kai ɗanta makwancinsa.

Washegari da hantsi muna zaune, sai ga muryar Yaya tar a kunnenmu, "Auta, na wahalar da kai." Kullum idan ta zo mukan tarye ta da hujjoji: ai gonar ba tamu kaɗai ba ce, ai kwana ne ya ƙare, ai mu muka bar aiki da iyali muka rako shi. Ran nan dai ba mu tanka ba. Muka bi abin a jiki kamar yadda muka bi zugin gwiwa. Wani dunƙule ya tokare maƙogwaro, ƙirji ya yi nauyi, fuska ta ɗauki zafi, hawaye suka yi ta zuba har suka jiƙa bargon da muka yafa. Ba mu san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, amma a hankali dunƙulen ya sassauta, kamar yadda hadari kan gama zubarwa gari ya washe. Laifinmu bai goge ba, yana nan inda yake, sai dai mun iya kallonsa ido da ido ba tare da mun nemi lauya ba. Da azahar ta yi muka shiga ɗaki muka tayar da salla, tun daga kabbara har sallama hankalinmu bai je ko'ina ba, abin da rabonmu da shi har mun manta. A sujada ta ƙarshe muka ba Yaya amsar da muka hana shi, muka roƙa masa gafara, muka roƙa wa kanmu.

Ranar goma da aka ba da izinin magana, ɗakin cin abinci ya kaure da hayaniya cikin harsuna iri-iri. Mu kam sai muka ji kalma ta yi mana nauyi a baki, kamar tsabar kuɗin da ba ka son kashewa a banza.

Da muka dawo gida, akwai abokin aikin da ya tare mu da tambayar ko mun koma bautar gumaka. Ba mu ga laifinsa ba, kuma ba muna kiran kowa ya je can ba ne. Duk mai shakku ya tuntuɓi malamai, addini ba abin wasa ba ne. Abin da muka sani shi ne da imaninmu muka je, da shi muka dawo, muka kuma dawo da sanin cewa nutsuwar da ake nema a cikin ibada tana buƙatar horo kamar yadda hannu ke buƙatar horo kafin ya iya rubutu.

Ga 'yan'uwa sababbin marubuta kuwa, mun sha karanta rubuce-rubucenku, mun ga yadda idan aka yi mutuwa a labari ake cika shafi uku da kururuwa da wa'azi, alhali ba a nuna mana ko sau ɗaya abin da ya faru a maƙogwaron mai makokin ba. Mu ma haka muke yi a da, don mun saba ruga wa abu da kalmomi tun ba mu tsaya mun dube shi ba. Yanzu kafin ɗalibanmu su fara insha'i, mukan sa su ajiye biro su yi minti uku shiru. Da fari dariya suke yi, yanzu su ke tuna mana idan mun manta.

Makonmu guda da dawowa muka je gidan marigayin, muka tara matarsa da 'ya'yansa, muka faɗa musu kalmominsa na ƙarshe da kuma shirun da muka yi masa. Babu wanda ya ce komai na ɗan lokaci. Can sai babbar 'yarsa ta tashi ta ɗebo ruwa a kofin mahaifinta, ta durƙusa ta miƙo mana, ta ce, "Baffa, ga ruwa." Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata ƙarshenmu.